Gyambon ƙafar mahaifina ya ƙi jin magani, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina yana da ciwon suga, kuma ɗan mikin da ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa ya zama gyambo mai wari da mugunya. Ya sha Ampiclox daga kemis, aka canza masa ciprofloxacin, har allurar ceftriaxone an yi masa, amma kumburin ya kusa kai idon sawu. Wani maƙwabci ya ce mu riƙa fasa kafso muna barbaɗa garin a kan mikin. Shin akwai maganin da ya fi waɗannan ƙarfi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan uwa, don Allah ka kai shi babban asibiti yau ɗin nan, domin wari tare da kumburin da ke hauhawa alama ce ta cewa cutar tana shiga ciki, kuma ciwon suga yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin zafi alhali naman yana ruɓewa. Kada ku barbaɗa garin kafso, ba ya kaiwa inda cutar take.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje: Malam, ƙarfin magani ba shi ne matsalar ba, dacewarsa da ƙwayar cutar ita ce abin dubawa. Gyambon da ya daɗe yakan tara ƙwayoyin cuta iri-iri a lokaci guda, kamar Staphylococcus aureus da Klebsiella da Pseudomonas. Akwai nau'in Staphylococcus da ake kira MRSA, wanda Ampiclox da ceftriaxone ba sa yi masa komai, sannan wasu Klebsiella suna fitar da sinadarin da ke lalata ceftriaxone kafin ya yi aiki. Duk lokacin da aka sha magani bisa kintace, ko aka yanke shi a tsakiya, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa, kuma abin da nake tsoro ke nan game da Baba. Ka roƙi likita a yi gwajin da zai nuna ƙwayar cutar da maganin da take ji. A wanke mikin tukuna, a ɗebi samfurin daga naman ciki, domin audugar da aka shafa a sama takan kwaso ƙwayoyin fata ne kawai. Sakamako yakan fito cikin kwana 2 zuwa 3. Ka tafi da kwalayen duk abin da ya sha.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba yana gudun asibiti ne saboda tsoron kada a yanke masa ƙafa.

Ma'aikaciyar jinyar: Ka kwantar masa da hankali cewa jinkiri ne ya fi jawo yankewa. Abin da aka saba fara yi shi ne kankare mataccen nama, a daidaita sugan, sau da yawa da allurar insulin, a duba gudun jini a ƙafar, a kuma hana shi taka wurin. Za a ɗauki hoton ƙafar, domin idan cutar ta tsaya a nama maganin mako 1 zuwa 2 yakan wadatar, amma idan ta kama ƙashi yana iya kai mako 6. A auna ƙodarsa kafin a yi masa allura irin gentamicin. Idan zazzaɓi ko ruɗewa ta zo masa cikin dare, ku wuce sashen gaggawa, kada ku jira wayewar gari.