Bayan motata ya ƙi daidaita

Salamu alaikum 'yan'uwa. Peugeot 504 Coupé (mai ƙofa biyu) ta 1974 gare ni a nan Maradi, gadon mahaifina. Bayanta ya zauna, ko tudun rage gudu na hau sai salansa ta kartu ƙasa. Bakanike ya canza min rasor biyu na baya (ƙarafa masu murɗi da ke ɗauke da nauyin mota) da amortisa (mai rage girgiza), na 504 mai ƙofa huɗu ya sa, wai duk ɗaya ne.

Yanzu baya ya ɗaga fiye da gaba, kuma hagu ya fi dama ƙasa da santimita 3. Na auna daga ƙasa zuwa bakin fenda. A hanyar Madarunfa tana ja hagu. Bakaniken ya ce a yanke rasor, ni ban yarda ba. Motar tana kan jak ya ɗaure robobin ƙafafun baya, ko daga nan matsalar take? Don Allah wa ya taɓa gyara irinta?