Wane suna za mu ba na'urar auna huhu?

Ƴan uwa masu kishin harshe, wani ƙanena da ke karatun fasaha a nan Maradi yana harhaɗa wata ƴar na'ura da ake riƙewa a hannu ɗaya, kuma ya roƙe ni in samo mata suna da Hausa. Likitoci suna kiranta sifiromita, kalmar da rabinta na farko Latinanci ne mai nufin numfashi, na biyun kuma Girkanci mai nufin awo. Wani likitan Ingila, John Hutchinson, shi ya fito da ita a 1846.

Na ga ta ƙanena a kan tabarma: bututun roba ne da ƴar farfela a ciki. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska, ya kama bakin bututun da leɓɓansa, ya hura da dukan ƙarfinsa har iskar ta ƙare, sai allo ya nuna lita nawa ta fita gaba ɗaya da kuma nawa ta fita a daƙiƙar farko. Idan ta daƙiƙar farko ta gaza kashi 70 cikin 100 na jimillar, likita zai yi zargin hanyoyin iska sun tsuke, kamar yadda ke faruwa ga masu fuka.

Wani malami ya kawo “ma'aunin numfashi”, amma ban gamsu ba, domin ma'aikatan lafiya suna ƙirga numfashin yaro a minti ɗaya idan suna neman ciwon haƙarƙari, kuma sunan zai rikita ayyukan biyu. “Ma'aunin hura” ya fi bayyana abin da majinyaci zai yi, sai dai a bakin Katsinawa da Gobirawa hura abin sha ce, kuma a rubuce babu abin da zai raba kalmomin.

Saboda haka na tsaya a kan “ma'aunin huhu”, aikin kuma a ce masa “awon huhu”. Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki ta san ba sikeli ake nufi ba, kuma tsohuwar da hayaƙin murhu ya ci ƙirjinta shekara da shekaru za ta gane da jin farko.

Ita kuwa na'urar da ke hannun ƙanena, wadda ba a kammala ba, ba samfuri ba ce, tun da samfuri na nuna wa mai saye ne. Na kira ta “ƙirar gwaji”, har ranar da za a daidaita awonta da sirinji mai lita 3 a tabbatar ba ta ƙarya.