Hadda ce ke kayar da su a jarabawar magana, ko rashin ta?

Malam Mai Alli: Assalamu alaikum. Jama'a, abin nan ya ishe ni, sai na amayar. Wasu cibiyoyin koyar da IELTS, wato jarabawar auna iya Turanci, suna karɓar kuɗin yara, su miƙa musu takardu cike da amsoshin da aka riga aka tsara: ga ta garinku, ga ta abincin da ka fi so, ga ta bikin gargajiya, su ce a je a haddace. Yaro ya zauna gaban mai jarabawa, a tambaye shi ko garinsu ya canza tun yana ƙarami, sai ya kama zuba inda garin yake a taswira da yawan jama'arsa da yanayin zafinsa, don abin da ke cikin takardar ke nan. Tambaya tana neman da da yanzu, shi yana karanto labarin ƙasa. Jarabawar maganar duka minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku, kuma a kashi na farko mai minti 4 zuwa 5 ake fara gane wanda ya zo da kaya a ka. Ina nan a kan bakana: hadda ce ke tsayar da mafi yawansu a maki 5.5 ko 6 cikin 9.

Alaramma: Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi kukanka ba, amma ka ɗauke kalmar hadda daga wannan zance. Hadda aiki ne mai ƙa'ida: a biya maka, ka maimaita, ka kawo a saurara, a gyara maka, ka riƙa tilawa kada ya zube. Mai hadda ta gaskiya a ko'ina ka ɗauko masa zai ci gaba. Wanda kake kwatantawa, da zarar an juya masa tambaya ya ɓace, karatun aku ya yi.

Malam Mai Alli: Allah ya gafarta Malam, ba waccan haddar nake nufi ba, kowa ya sani.

Alaramma: To a kira abu da sunansa. Yara suna karanta ku.

Ƙaramin Malami: Ni ina bayan Alaramma. Ba a koyon harshe babu hadda. Wanda bai haddace used to ba, da me zai ce a da ana yin kaza a garinsu? Wanda bai riƙe has changed ba, yaya zai amsa tambayar canjin da Malam ya kawo misali da ita? Gutsattsarin jimla ake haddacewa, masu kalma uku zuwa biyar, a riƙa sauya musu kaya. Kuma Malam, wannan mafi yawa da ka faɗa, wa ya ƙirga?

Malam Mai Alli: Ƙanena, wanda ya saurari faifan gwajin ɗalibai ba ya buƙatar ƙirga. Alamun a fili suke. Gudun magana yakan ninka a inda aka haddace, ya faɗi warwas a tambaya ta gaba. Murya ta miƙe ba hawa ba sauka. Ido ya koma rufin ɗaki. Manyan kalmomi su fito a jimla ɗaya, ta biyu kuma a rasa was da were.

Hajiya Malama: Ku duka kuna kewaye abu ɗaya. Bari in shimfiɗa yadda ake ba da maki, don rabin masu gardamar nan ba su taɓa buɗe ma'aunin ba, alhali a fili yake ga kowa. Abu huɗu ake dubawa, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa: kwararar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da lafazi. Amsar da aka haddace gaba ɗaya tana cutar da biyu a take. Ba ta haɗuwa da tambayar da aka yi, sannan tana kashe hawa da saukar murya, wanda ɓangare ne na lafazi.

Abin da ya kamata a shirya shi ne kayan magana, ba jimloli ba. A kan garinku, ka rubuta abu biyar a gajarce, kalma biyu biyu: wuri ɗaya da kake so, abu ɗaya da ya canza, abu ɗaya da ke damun mazauna, sana'ar da aka fi yi, da inda za ka kai baƙo. Ko ta ina tambaya ta ɓullo, ɗaya daga cikin biyar ɗin zai ɗauke ta. A kashi na farko jimla biyu ko uku sun isa: amsa kai tsaye, dalili, sai ɗan misali. Wanda ya ce yes ya yi shiru bai ba mai jarabawa abin aunawa ba, wanda kuma ya kama lacca za a katse shi.

Abinci ya fi wuya, domin sau da yawa abin da kake ci kullum ba shi da suna a Turanci. Kada ka ƙirƙira masa fassara. Faɗi sunansa na asali sau ɗaya, sannan ka kewaya: da me ake yin sa, yaya ake sarrafa shi, wane ɗanɗano, yaushe ake ci, da wa. Iya kewayawa idan kalma ta ɓace yana cikin abin da ake nema a maki 7. Kuma a nan ne mu Hausawa muke zamewa. Mu muna cewa ana jiƙa shi, ana niƙawa, sai ɗalibi ya juya ta kai tsaye ya ce they are soaking it, kamar ana yi yanzu a gaban mai jarabawa. Abin da ake so shi ne it is soaked, then it is ground. Kalmomin aikin girki takwas zuwa goma sun wadatar: tafasawa, soyawa, gasawa, turarawa, niƙawa, jiƙawa, tacewa, motsawa. A san siffar kowanne ta uku a Turanci, irin soaked da ground.

Alaramma: Hajiya, a san siffar kowanne ta uku. Da wace hanya za a sani in ba hadda ba?

Hajiya Malama: Malam, ban ce kada a riƙe kalma ba.

Alaramma: To kin dawo layinmu.

Hajiya Malama: Ban dawo ba. Riƙe kalma daban, riƙe amsar minti biyu daban.

Yaya Injiniya: Ku bar batun hadda, ba ita ce matsalarmu ba. Bakinmu ne. Hausa ba ta raba p da f, kuma maganar abinci da biki cike take da su: pepper, fried, flour, people, festival. Ka ce pan a ji fan, ka ce copy a ji coffee. Ga v da muke mayarwa b a village da vegetable, ga th da ke komawa s ko z. Duk wanda bai koma lafazin Ingila ba, ya manta da maki 7.

Anti Nas: Yaya, rabin farko gaskiya ne, jimlarka ta ƙarshe kuwa ba haka take ba, kuma tana karya zuciyar mutane. Ba a neman lafazin Ingila ko na Amurka. Ana duba ko ana gane ka ba tare da wahala ba, ko kana danna gaɓar da ta dace, ko muryarka tana tafiya da ma'ana. Ɗan Indiya da ɗan Filifin suna cin 7 da 8 da harshen garinsu a bakinsu. Ma'aikatan jinya masu neman rajista a Ingila 7 ake nema musu a magana, kuma ba turawa suka koma ba kafin su samu.

Yaya Injiniya: Amma British Council ta Birtaniya ce ke shirya jarabawar.

Anti Nas: Ita da kamfanin IDP na Ostireliya da jami'ar Cambridge suka mallake ta tare. In don mai gida ne, sai ka ce a koyi lafazin Ostireliya ma.

Ƙaramin Malami: A kan p da f akwai gyara mai sauƙi. Riƙe ɗan siririn tishu a gaban baki. In ka ce p leɓɓa biyu za su haɗu su fashe, tishun ya yi tsalle. In ka ce f haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali ba fashewa. Tagwayen kalmomi goma, pull da full, pool da fool, pan da fan, minti biyar safe da yamma a gaban madubi. Ga danna gaɓa kuma: tradition a gaɓa ta biyu ake dannawa, vegetable gaɓa uku ce a bakin yawancin masu harshen, mu ne muke mayar da ita huɗu. Sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, spice ta koma sifayis. Yaya, wannan ma maimaitawa ce, wato hadda.

Malam Mai Alli: Kun ga inda aka kai ni. Na kawo ƙarar masu sayar wa yara takarda, an koma tishu.

Anti Nas: Malam, yi haƙuri, saura abu ɗaya da ya shafi takardun nan. Dalilin da ya sa yara ke rungumar su tsoron kashi na biyu ne. A ba ka kati, a ba ka fensir da takarda da minti ɗaya, sannan ka yi magana har minti biyu, kuma ba a canza maka kati. In kati ya ce ka kwatanta bikin da ka taɓa halarta, kai kuwa babu wanda ya zo maka a rai, ka ƙirƙira. Mai jarabawa Turancinka yake aunawa, ba zai je garinku bincike ba.

Alaramma: Subhanallahi. An hana su hadda, an buɗe musu ƙarya?

Anti Nas: Malam, ba shaida ake bayarwa a kotu ba. Kowa a ɗakin ya san gwajin harshe ake yi.

Alaramma: 'Yata, harshen da ya saba a ɗakin jarabawa ba ya tambayar ɗaki na gaba.

Hajiya Malama: Ko an ajiye hukuncin gefe, ƙirƙira tana da tsada. Mai ƙirƙira yana aiki biyu a lokaci guda, yana gina labari yana gina jimla, sai inda-inda ta yi yawa, lokutan nahawu su cakuɗe. Bayan minti biyun kuma akan jefo ƙaramar tambaya a kan abin da ka faɗa. Mafita tana nan: ka ce ban taɓa halartar irin wannan ba, amma ga wanda kakata take ba ni labari, ka ci gaba. Ba a rage maki don haka. A minti ɗayan shiri kada ka rubuta jimla ko ɗaya, ba za ka gama biyu ba lokaci ya ƙare. Kalma takwas zuwa goma, a jere bisa tambayoyin katin: mene ne, yaushe, su wa, me ya sa yake da muhimmanci. Na ƙarshen nan ka fi daɗewa a kai.

Ga atisayen da ke maye gurbin takardun da Malam ke kuka da su. Ana kiransa 4/3/2, Paul Nation na ƙasar New Zealand ya yi nazari a kansa. Ka ba da labari ɗaya cikin minti 4, ka sake ba wani mutum cikin minti 3, ka sake ba na uku cikin minti 2. Abin da kake faɗa bai canza ba, jimlolin ne ke sauyawa kowane zagaye, shi ya sa ba ya daskarewa. Ka naɗi na ƙarshen a waya, ka rubuta shi kalma da kalma, ka ja layi ƙarƙashin duk inda ka ce go a maimakon went. Kashi na uku kuwa babu takardar da za ta cece ka: me ya sa matasa ke barin al'adu, shin abincin gida zai ɓace nan gaba, wa ya kamata ya koya wa yara. A nan ra'ayi ake so da dalili da kwatance. In ba ka gane tambaya ba kana iya roƙo a sake fasalta ta.

Ƙaramin Malami: Labari ɗaya sau uku. Hajiya, tilawa ke nan da wani suna.

Hajiya Malama: A tilawa ba a canza harafi. A nan in ba ka canza ba, ka ɓata atisayen.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne hadda ba ta da laifi, kamar yadda Alaramma ya kafa hujja tun farko, kuma ko Hajiya ta yarda sai an riƙe kalmomi da siffofinsu. Atisayen da ta kawo ma maimaitawa ce. Ƙaramin Malami ya nuna cewa gyaran lafazi ma da naci ake yin sa. Batun ƙirƙirar labari an yi watsi da shi. Saboda haka muna roƙon Malam Mai Alli ya janye kalmar, ya ce karatun aku. Waɗanda ke da takardun amsoshi kuma kada su zubar, su riƙa dubawa suna ɗaukar abin da ya dace.

Hajiya Malama: Ranka ya daɗe, ban yarda da abin da ka ce na yarda da shi ba. Sau biyu na raba riƙe kalma da riƙe amsa, yana nan a sama.

Malam Mai Alli: Shugaba, ban janye ba, kuma babu wanda ya taɓa maganar cibiyoyin da na fara da ita. Gobe da ƙarfe takwas na dare zan turo kati ɗaya a kan wata al'ada da ta canza. Mai takarda ya naɗi minti biyunsa, wanda ya yi atisayen Hajiya ma ya naɗa, sannan in jefa wa kowa tambaya uku irin na kashi na uku. Anti Nas da Alaramma su saurara su ba da maki.