Har yanzu ina kukan Mama, an ce rashin tawakkali ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa, a ɓoye sunana. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata. Lokacin zaman makoki ko ɗigon hawaye ban yi ba, ni ce a gindin murhu, ni ce wajen tarbar masu gaisuwa. Sai bayan sadakar arba'in, da kowa ya watse, abin ya sauko mini. Wani sa'in har na ɗauki waya zan kira ta, sannan in tuna. Gwaggona ta ce rashin tawakkali ne, kuma azabtar da Mama nake yi a kabari. Maganar nan ta hana ni sukuni. Ina zuwa aiki, ina kula da yarana. Don Allah, lafiyata ƙalau kuwa?

Wani malami:
Allah Ya jiƙan Mama. 'Yar'uwa, hawaye ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya yi kuka da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Annabi Yakubu kuwa har idanunsa suka yi fari saboda Yusuf. Hadisin da gwaggonki ta ji, na cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan da ake yi masa, akwai shi, sai dai malamai sun ɗora shi a kan kururuwa, marin fuska da yaga tufafi. Ki yi mata bayani cikin ladabi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kina fita aiki. Baƙin cikin rashi zuwa yake yi ya lafa, ya sake dawowa, musamman da Azumi ko Sallah. Wanda muke tsoro shi ne wanda ya zaunar da mutum, ba ci, ba barci, ba shiga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukarsa lalura idan ya wuce wata 6 a haka. To sai a ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Idan kuma tunanin kashe kai ya zo, a ranar za a tafi asibiti.

Wata uwa:
'Yata, nemi wadda za ki riƙa hirar Mama da ita, ba mai ce miki "ki yi haƙuri" kawai ba. Ki ziyarci ƙawayenta, su ma suna kewarta.