Ciwon baya a masana'antar abin sha: shin ɗamarar ƙugu tana hana rauni?

Ɗan Sito:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 4 ke nan ina aiki a wata masana'antar abin sha, inda nake sauke buhunan sukari masu kilo 50 daga kan katako zuwa bakin tukunyar haɗi. Kwanan nan ƙuguna ya fara riƙewa, musamman idan na sunkuya zan ɗauki buhun ƙasa. An raba mana ɗamarar ƙugu, aka ce ita ce maganin abin. Shin gaskiya ne?

Jami'ar Lafiya:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata a wuraren aiki, ta nazarci wannan batu a 1994, ba ta kuma sami gamsasshiyar hujjar cewa ɗamarar tana hana rauni ba. A lissafin cibiyar, kilo 23 ne iyakar abin da ya dace mutum ya ɗaga, shi ma sai idan kayan yana kusa da jiki, yana daidai ƙugu, babu murɗa jiki, kuma ba a yawan maimaitawa. Duk sharaɗin da ya ɓaci, adadin raguwa yake yi, ga shi buhunka ya haura ninki biyu. Idan ciwon ya fara gangarowa ƙafa, ko ka ji ta tana yin sanyi kamar ba taka ba, kada ka jinkirta ganin likita.

Tsohon Ma'aikaci:
Ƙanena, na ɗaura irin wannan ɗamara shekaru da dama, kuma illarta a wurina ita ce takan sa mutum ya ji ƙarfin da ba shi da shi, har ya ɗauki abin da da zai nemi taimako. Ba mu samu sauƙi ba sai da aka kawo teburin da ke ɗaga katakon yayin da buhuna ke raguwa, aka kuma koma sayen buhu mai kilo 25. Sunkuyon ne ke cin mutum, balle a daɓen da kullum yake jiƙe saboda wanki, inda rabin hankalinka yana kan santsi. Ka kai rahoton ciwon a rubuce, domin maganar baki ba ta shiga fayil.

Ɗan Sito:
Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Baba. Gobe zan rubuta rahoton, in kuma roƙi a haɗa mu biyu a kan kowane buhu kafin a samo teburin.