Aljannar Millôr: zanen mafarki ne ko ba'a ce da gangan?

Mai Zanen Barkwanci: Jama'a salamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Duk sanda aka tashi lissafa gwanayen zane a zauren nan, sai masu fentin mai da manyan alluna, mai zanen barkwanci kuwa a ce ɗan cike gurbin jarida ne. To ga Millôr Fernandes na Barazil. Ya shiga mujallar O Cruzeiro ta Rio de Janeiro a 1938 yana yaro, ya yi shekara 25 a cikinta, shafinsa na Pif-Paf na cikin abin da ake sayen mujallar dominsa. A 1963 ya fitar da labarin Aljanna irin nasa, rubutu haɗe da zanen sureyal, yana shaguɓe kan ƙissar halitta yadda take a Littafin Farawa na Baibul. 'Yan Katolika suka yi ca, mujallar ta juya masa baya, aikinsa ya ƙare. Maganata ɗaya ce: mai barkwanci ya fi kowane mai zane ɗanɗana kuɗar aikinsa.

Malamar Zane: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire kalmar sureyal daga maganarka tukuna. Ba duk zanen da ya karkace ne sureyal ba. Wannan salo yana da asali: André Breton ya rubuta sanarwarsa a Paris a 1924, kuma ginshiƙinsa shi ne a saki hannu ya yi aiki ba tare da hankali ya ja masa linzami ba. Max Ernst yakan ɗora takarda a kan katakon daɓe ya goga fensir, abin da jijiyar katakon ta fitar shi zai bi ya gina siffa. Óscar Domínguez yakan shafa gwash, wato fentin ruwa mai kauri, a takarda, ya kifa wata a kai, ya danna, ya ɓamɓare, tabon da ya rage shi ne mafarin hoto. Mai barkwanci kuwa ya san wanda zai soka kafin ya tsoma alƙalami a tawada. Ina suka haɗu?

Mai Zanen Barkwanci: Malama, ai ba wannan na kawo ba.

Ɗan Ƙofar Gidan Hoto: Shi ka kawo mana, da bakinka ka faɗa. Amma Malama ke ma kin taƙaita. Dalí da Magritte, manyan masu zanen sureyal, fa? Su sukan tsara komai da fensir, su auna inuwa, su yi fenti sumul kamar hoton kyamara, abin da ke ciki ne kawai ba ya yiwuwa a duniya. In tsari ne ke fitar da mutum daga sureyal, to kin kori manyan gidan biyu. Ƙari kuma, a 1924 aka haifi Millôr, shekarar sanarwar Breton.

Baba Mai Tarihi: Yaro, shekarar haihuwa hujja ce? Kuma ba daidai ba ne. An haife shi 16 ga Agusta 1923 a unguwar Méier ta Rio, rajistar haihuwarsa ce ke ɗauke da 27 ga Mayu 1924. Ya rasu 27 ga Maris 2012.

Ɗan Ƙofar Gidan Hoto: Baba, takardar hukuma ake bi.

Baba Mai Tarihi: To ka bi ta, ta zana maka hoton.

Ɗan Maɗaba'a: Ku duka kuna magana ba ku dubi yadda aka buga abin ba. O Cruzeiro da silindar tagulla ake buga ta, wadda ake fafe wa ƙananan ramuka su riƙe tawada. A irin wannan bugu hatta layin baƙi sai an farfasa shi ɗigo-ɗigo, shi ya sa in ka sa madubin ƙara girma za ka ga gefensa kamar haƙoran zarto. Siririn layi yakan tsinke, kala mai haske ta wanke. Saboda haka mai zana wa mujalla yakan yi aikinsa ninki ɗaya da rabi na girman da za a buga, ya tsayar da layi mai ƙarfi, ya bar fili fari da yawa. Wannan fili da siffofi masu shawagi da kuke kira mafarki, rabinsu dokar injin ce.

Malamar Zane: Allah ya saka, Malam. Kuma jerin aikin kansa ba na mai barci ba ne. Fensir mai tauri a fara, sannan tawadar Sin wadda ruwa ba ya narkar da ita, a bari ta bushe sarai kafin a goge fensir, in ba haka ba kilina ta ja baƙi ta ɓata shafi. Sai kalar ruwa daga mai haske zuwa mai duhu, gwash a ƙarshe domin shi ke rufe na ƙasa. Takarda mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, in ta gaza haka a jiƙa ta a manne a allo, ko ta kumbura ta yi tudu da kwari.

Mai Burushi: A nan na rabu da ke, Yaya. Kala ake fara zubawa, layi ya biyo baya. In ka fara da tawada, kalar ruwa takan dusashe baƙin, balle gwash da ke hawa kan layi ya cinye shi.

Malamar Zane: In ka sa bakin alƙalamin ƙarfe a kan gwash, sai ya kankaro shi ya toshe, tawada ta yi reshe. Kala kafin layi na mai burushi ne irinka, ba na mai alƙalami ba.

Mai Burushi: Sai a bar shi ya kwana.

Ɗan Maɗaba'a: Ko ya kwana ko ya wuni, wajen sikana kuke kashe aikin. Layi a ɗauke shi daban a ɗigo 1200 a inci, kala a 300. Baƙin layi ya zama baƙi zalla a farantin bugu ɗaya. In kuka bar shi ya haɗu daga kala huɗu, faranti ya goce ko da kaɗan, za ku ga ja da shuɗi suna leƙowa a gefe.

Alaramma: Ni dai tambayata, zauren zane ne ko na yaba wa mai izgili? Annabi Adamu alaihis salam ba abin barkwanci ba ne a wurinmu, kuma Kiristocin da suka fusata ban ga laifinsu ba. An gode da ba a liƙa hoton a nan ba, kar kuma a liƙa.

Mai Zanen Barkwanci: Allah gafarta Malam, ba wanda zai liƙa. Sana'ar nake karewa.

Baba Mai Tarihi: In sana'a ce, ga abin da ya fi Aljannar nauyi. A 1964, bayan sojoji sun ƙwace mulki, ya kafa mujallarsa da sunan Pif-Paf, fitowa takwas ta yi ta mutu. A 1969 aka kafa jaridar barkwanci O Pasquim, a ƙarshen 1970 aka kame yawancin ma'aikatanta, har da masu zanen barkwanci Ziraldo da Jaguar, Millôr yana cikin waɗanda suka ci gaba da fitar da ita. In kuma uban layinsa kuke nema, ku dubi Saul Steinberg na mujallar The New Yorker, wanda suka raba lambar farko da shi a baje kolin zanen barkwanci a Buenos Aires a tsakiyar shekarun 1950.

Ɗan Ƙofar Gidan Hoto: Ato. Steinberg ɗin wa zai ce babu mafarki a layinsa? Kuma a 1957 Gidan Zanen Zamani na Rio ya baje aikin Millôr shi kaɗai. Ba a kai ɗan cike gurbi can.

Malamar Zane: Rataya a bango ba ya canza wa zane dangi.

Mai Burushi: Har yanzu ba ki ba ni amsa kan barin gwash ya kwana ba.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar zanen Millôr ba sureyal ba ne, ba'a ce shiryayya, kamar yadda Malama ta warware tun farko da hujjoji. Ɗan Ƙofar Gidan Hoto bai kawo komai ba sai ranar haihuwa, ita ma an gyara masa. Tawada kafin kala shi ne daidai, Mai Burushi ya je ya gwada a takarda giram 300 ya dawo. Batun Alaramma an karɓa, ba a liƙa hoto. Tambayar farko, ko mai barkwanci ya fi kowa shan wuya, na ga ba wanda ya damu da ita, don haka na rufe. Wanda ke son shiga ajin alƙalami da tawada na ranar Asabar ya tuntuɓi Malama.