Ɗalibaina sun iya rubuta jawabi, amma faɗarsa ta gagara

Assalamu alaikum malamai ƴan'uwana. Ina koyar da Faransanci a wata koleji a Maradi, kuma ina shirya ƴan ajin BEPC (jarrabawar kammala koleji) su yi jawabi ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Rubutunsu ba laifi. Amma da zarar yarinya ta tsaya gaban jama'a sai ta sunkuyar da kai, murya ta shige ciki, ta riƙa zuba hadda babu numfashi. Kalma ɗaya ta kuɓuce mata, shi ke nan ta tsaya cak.

Na gwada sa su fara faɗa da Hausa, nan kam baki yana buɗewa, har da karin magana. A koma Faransanci, sai tsoron kuskure ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne kallon ido. A gida an koya musu cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne, kuma ba na son in rushe tarbiyyar iyayensu.

Don Allah, wa ya taɓa raba ɗalibai da hadda a aji mai cunkoso? Kuma ina zan ce su ajiye idonsu idan manya na zaune a gaba?